Yadda Ake Zana Filayen Aman Wuta na Duniyar Wata Bisa Ƙa'idar Kimiyya

Baƙi-baƙin da ido ke gani a fuskar wata daren sha huɗu ba inuwa ba ne, kuma ba ruwa ba ne. Narkakken dutse ne da ya ɓulɓulo daga cikin wata, ya malala ya cika manyan kwaruruka, sa'an nan ya daskare. Masana taurari na Turai a ƙarni na 17 sun raɗa wa mafi yawan waɗannan filaye sunan "mare", wato teku da harshen Latin, kuma sunayen da Giovanni Riccioli ya sa a taswirarsa ta 1651, irin su Mare Imbrium da Mare Tranquillitatis, su ne ake amfani da su har yau, duk da cewa babu ɗigon ruwa a cikinsu. Waɗannan filaye sun rufe kimanin kashi 16 cikin ɗari na faɗin wata, amma ba a rarrabe suke daidai ba, domin sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ɓangaren da ke fuskantar duniya, alhali a bayan wata ba su wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Wanda duk aka ɗora wa aikin zana su, ko malamin kimiyya ne a wata makarantar garin Tsaskiya, ko mai fentin da aka kira ya ƙawata bangon aji, ko mai yi wa littattafan ɗalibai hotuna, zai tarar cewa abin da ya fi ba shi wahala shi ne idonsa, wanda iska da ruwan sama suka raina, kuma babu ɗayansu a inda zai zana.

Ƙasar Safana da Batsari, a yammacin Katsina, ta isa misali. Mutumin da ya tsaya a bayan gari ya dubi yamma wajen dajin Rugu yana gane nisan kowane dutse ne ta wajen dusashewarsa, na kusa baƙi ƙirin, na nesa shuɗi-shuɗi, na can ƙurya kuma hazo ya kusa haɗiye shi, musamman da hunturu. Yana ganin jar ƙasa da marmara, waɗanda jansu tsatsar ƙarfe ce da iska da laima suka haifar, yana kuma ganin kwazazzabai masu rassa da ruwan damina ya zaizaye. Hannun mai zane yakan saka duk waɗannan a takarda ba tare da ya yi shawara da shi ba, kuma kowannensu kuskure ne a doron wata. Duwatsun yankin ma ba na aman wuta ba ne. Akasarinsu giranit ne da danginsa, irin dutsen nan mai manyan ƙwayoyi da ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, wanda ya daskare sannu a hankali a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce kafin zaizaya ta tono shi. Dutsen filayen wata kuwa basalti ne, wato baƙin dutse mai nauyi, mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ya huce da sauri a sarari, sau da yawa da 'yan ramuka a jikinsa inda tururi ya fice. Mai son ya riƙe irinsa a hannu a Nijeriya sai ya nufi tudun Biu a Jihar Borno, ko wajen Panyam da Kerang a tudun Jos. Basaltin da ya taɓa sauka a ƙasar Katsina daga sama shi ne dutsen Zagami, mai nauyin kimanin kilo 18, wanda ya faɗo ranar 3 ga Oktoba 1962, sai dai bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito.

Abu na farko da mai zane zai yanke shi ne wurin da yake zanawa da zamanin da yake nufi, domin "duniyar wata" kawai ba wuri ba ne, kamar yadda "Afirka" ba ta isa bayanin gona ba. Idan wata na yau ne, to babu wuta, babu hayaƙi, babu jan dutse mai malala, domin babu wani dutse da ke aman wuta a can yanzu. Mafi yawan filayen sun daskare tsakanin shekara biliyan 3.9 da biliyan 3.1 da suka wuce, kamar yadda aka auna a cikin kilo 382 na duwatsu da ƙasa da 'yan sama-jannatin Apollo suka kwaso tsakanin 1969 da 1972. Kumbon ƙasar Sin mai suna Chang'e 5 ya dawo a Disambar 2020 da giram 1,731 daga filin Oceanus Procellarum, aka tarar shekarunsu kimanin biliyan biyu ne, wanda ya nuna cewa aman ya daɗe fiye da yadda ake zato, amma ko wannan ɗin tsohon zance ne ƙwarai. Da zarar an zaɓi wuri sai a nemi hotonsa na gaskiya. Kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter na hukumar NASA, wanda aka harba a Yunin 2009, ya ɗauki hotunan da ke nuna abin da bai kai faɗin tabarma ba, kuma ana duba su kyauta ta intanet, tare da hotunan da 'yan Apollo suka ɗauka da hannunsu.

Siffar ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zana tsauni mai tsini kamar malafa, da rami a ƙoli, irin hoton da littattafan makaranta suka dasa a zukatan yara. Irin wannan tsauni yana ginuwa ne idan narkakken dutsen mai kauri ne, yana taruwa a bakin mafitarsa kamar tuwon da aka kwashe a wuri guda. Na wata ba shi da kauri ko kaɗan. Yana da yawan ƙarfe da ƙarancin sinadarin silika, wanda shi ne ke sa narkakken dutse danƙo, saboda haka a zafin kimanin digiri 1,200 yakan yi ruwa-ruwa kamar baƙin man mota, ya fito ta dogayen tsagogi, ya bazu. A Mare Imbrium an bi sawun malalar da ta yi tafiyar kusan kilomita 1,200, tafiyar da ta zarce nisan Katsina da Legas, kuma gaban irin waɗannan malala, inda suka tsaya suka daskare, bai wuce tsayin mita goma zuwa sittin ba. Don haka ainihin hoton aman wutar wata shi ne shimfiɗaɗɗen fili, kuma mai zanen da ya ji kunyar wannan shimfiɗa ya ƙara mata tsaunuka don ta yi armashi ya riga ya bar kimiyya.

A cikin filin akwai abubuwan da ke tabbatar da asalinsa. Akwai tuddai masu kama da kifaffen faifai, faɗinsu kilomitoci, gangarensu kuwa digiri biyu ko uku ne kawai, har mai tafiya a kansu ba zai san yana hawa ba. Tarinsu mafi shahara shi ne tuddan Marius, sai kuma Mons Rümker mai faɗin kimanin kilomita 70 da tsayin da ya ɗan haura kilomita ɗaya. Tuddan Gruithuisen ne suka fita daban, domin narkakken dutsensu mai kauri ne, shi ya sa suka fi miƙewa. Akwai kuma dogayen kunyoyi masu murɗe-murɗe kamar tattarar fatar madarar da ta huce, waɗanda suka samu sa'ad da nauyin basaltin ya danne ƙasa ta takure.

Abin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci shi ne magudana, wato kwarin da narkakken dutse ya bi yana gudu, ko dai a buɗe ko ta cikin kogon da rufinsa ya rufta daga baya. A nan ne ido ya fi yaudarar mutum, domin a kallon farko tana kama da busasshen rafi da rani. Bambancin kuwa a fili yake ga wanda ya lura. Rafi yakan fara siriri a tudu, ƙananan ƙoramu su yi ta zuba a cikinsa, ya yi ta faɗi yayin da yake gangarawa. Magudanar wata tana farawa ne da ƙaton rami mai siffar kan maciji, inda dutsen ya ɓullo, ba ta karɓar rassa, kuma tana ƙanƙancewa har ta ɓace a cikin fili. Kwarin Schröter da ke tudun Aristarchus ya kai tsawon kimanin kilomita 160 da faɗin da ya kai kilomita goma a wasu wurare. Magudanar Hadley, wadda David Scott da James Irwin na Apollo 15 suka tsaya a bakinta a 1971, faɗinta kimanin kilomita ɗaya da rabi ne, zurfinta kuma kimanin mita 300. A hotunansu ana ganin bakinta ya gangara a hankali ba tare da gaɓa mai kaifi ba, ana ganin 'yan shimfiɗun basalti sun leƙo a can saman bangon da ke tsallake, da manyan duwatsu da suka gangara suka taru a gindi. A 2009 kumbon Japan mai suna Kaguya ya gano wani rami mai bango a miƙe kamar rijiya a yankin Marius, wanda ake ɗauka rufin kogo ne ya ɓurma, kuma cikin siffofin da aman wuta ya bari, irinsa kaɗai ne ya halatta a zana da baki mai kaifi.

Kusan duk sauran ramukan da suka cika fuskar wata, manya da ƙanana, ba bakin aman wuta ba ne. Gurbin karo ne, inda duwatsun sararin samaniya suka faɗo da gudu suka fashe. An daɗe ana gardama a kan haka. James Nasmyth da James Carpenter, a littafinsu na 1874, sun tsaya a kan cewa aman wuta ne ya yi su, Grove Karl Gilbert ya kawo hujjar karo a 1893, amma magana ba ta mutu ba sai da ayyukan Eugene Shoemaker da duwatsun Apollo suka rufe ta. Ramin karo yana da zagayayyen baki mai ɗan tudu, cikinsa ya fi ƙasar da ke kewaye zurfi, sabo yana da kaifi da tarkacen duwatsu a gefe, tsoho kuwa ya cike ya zama kamar sawun ƙwarya a rairayi. Ana zana su birjik, kowane girma, wasu a kan wasu, har a kan filin basaltin kansa, ko da yake sun fi yawa a fararen tsaunuka saboda sun fi tsufa.

Su tsaunukan da ke kewaye da filayen suna da nasu tarihin kuskure. Idan rana ta yi ƙasa zuwa digiri biyar, inuwar abu takan ninka tsayinsa sau goma sha ɗaya da ɗoriya, don haka tudu mai laushi yakan jefa inuwa mai tsini kamar mashi, masu kallo ta madubin hangen nesa kuma suka ɗauki siffar inuwar a matsayin siffar dutsen. Chesley Bonestell, mashahurin mai zanen Amurka, ya cika zanensa da tsaunuka masu haƙora, har da babban zanen bango na 1957 a gidan tarihin kimiyya na Boston, wanda aka sauke bayan hotunan Apollo sun ƙaryata shi. Lucien Rudaux na Faransa ya riga ya gano gaskiya tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, domin ya lura da siffar tsaunukan a daidai gefen faifan wata, inda ake ganinsu a tsaye, ya zana su a mulmule. Tsaunin Hadley ya kai kimanin kilomita huɗu da rabi, amma kamar tsibin hatsi yake. A wannan fuska ɗaya tak mutumin Batsari ya fi Bonestell sa'a, domin mulmulallun duwatsun ƙasarsa sun fi kusa da gaskiya, sai dai ya lulluɓe su da ƙura, ya cire musu falalen da ke ƙyalli da tsagogi da itatuwa. Dalilin mulmulewar ya bambanta: a nan zafi da ruwa ke ɓare dutse, a can kuwa ƙananan tsakuwoyin sararin samaniya ne suka yi biliyoyin shekaru suna daka shi, har suka bar garin dutse mai kaurin mita huɗu zuwa biyar a filaye, fiye da haka a tsaunuka. Saboda wannan gari ne ba a zana daskararren dutse mai igiyoyi ko fasasshiyar ƙasa kamar ta busasshiyar fadama.

Haske da launi

Sama baƙa ce ko da tsakar rana, tun daga ƙoli har inda ta haɗu da ƙasa, babu jan almuru, babu gizagizai. Ba a sa taurari a zanen rana, domin hasken ƙasa yakan rufe ido da kyamara daga ganinsu. Rana fara ce tas, girmanta daidai da yadda ake ganinta daga nan. Tun da babu hazo, dutsen da ke nisan kilomita ashirin yana da kaifi da duhu daidai da na gaban ƙafa, abin da ya sa 'yan sama-jannati suka riƙa kuskuren ƙiyasta nisa. Mai zane zai nuna nisa ne ta hanyar jera abubuwa wani a bayan wani, da ƙanƙancewar ramuka, da sa wani abu da aka san girmansa, kamar mutum ko sawun taya. Iyakar gani ma ta fi kusa, domin faɗin wata kilomita 3,474 ne kawai: mutum a tsaye a fili yana gani zuwa kimanin kilomita biyu da rabi, rabin abin da zai gani a doron duniya, don haka tsaunin nesa yakan leƙo ne da gindinsa a ɓoye.

Inuwa tana da duhu ƙwarai da baki mai kaifi, amma kuskure ne a shafe ta da baƙin fenti zalla, domin ƙasar da rana ta haska tana mayar da haske cikinta, kuma gefen dutsen da ke fuskantar fili mai haske yakan ɗan bayyana. Launin ƙasa kuwa ya fi duhu fiye da yadda farin wata ke sa a zata. Filayen basalti suna mayar da kimanin kashi bakwai cikin ɗari ne kawai na hasken da ya sauka a kansu, wato kusan duhun kwalta, kuma baƙin sama ne ke sa su yi kamar fari. Garin gawayi da aka gauraya da toka, da ɗan ƙasa-ƙasa kaɗan, ya fi kusa da gaskiya. Filin da ke da yawan sinadarin titaniyam, kamar Mare Tranquillitatis, yana da ɗan shuɗi-shuɗi idan aka gwada shi da maƙwabcinsa Mare Serenitatis, amma bambancin ɗan kaɗan ne. Alan Bean, wanda ya taka wata a Apollo 12 a 1969 kuma ya koma sana'ar zane daga baya, ya riƙa ƙara launuka da gangan. Wannan haƙƙin mai fasaha ne, amma zanen koyarwa ba shi da wannan dama.

Duniya ita ce abin da aka fi zanawa ba daidai ba. Faɗinta a saman wata ya kusa ninka faɗin wata a samanmu sau huɗu, wanda duk da haka babban yatsa a miƙaƙƙen hannu zai iya rufe ta, kuma ba ta fitowa ba ta faɗuwa, tana nan kusan wuri guda, domin wata fuska ɗaya yake nuna mata kullum. Daga bakin magudanar Hadley tana can sama wajen kudu, kimanin digiri 64, don haka ba za ta shiga zanen da ke kallon iyakar gani ba. Sai wurin da ke kusa da gefen faifan wata ne ke ganinta ƙasa-ƙasa, daga bayan wata kuwa ba a ganinta sam. Ɓangarenta mai haske dole ya fuskanci inda rana take, ya dace da inda inuwowin ƙasa suka kwanta.

Wanda ya zaɓi zana zamanin aman wutar kansa yana da 'yancin sa ja da ruwan lemo, amma da sharaɗi. Babu turnuƙun hayaƙi, domin hayaƙi iska ke ɗaukarsa. Ƙarfin da wata ke jan abu da shi kashi ɗaya ne cikin shida na duniya, don haka feshin narkakken dutse yakan tashi sama ƙwarai, kowane ɗigo ya bi lanƙwasasshiyar hanyarsa ya sauko, duka su yi siffar buɗaɗɗiyar laima. Hoton motar Apollo 16 na 1972 ya nuna haka a ƙanƙance, inda ƙurar tayoyi ke tashi ta zube nan take ba tare da ta yi buji ba. Ɗigon ya daskare ya zama ƙananan duwatsun gilashi da ba su kai ƙwayar gero ba, kuma su ne ƙasar nan mai ruwan lemo da Harrison Schmitt, masanin duwatsu, ya tono a bakin ramin Shorty a Disambar 1972, mai shekara kimanin biliyan 3.6. A wancan zamani wata ya fi kusa da duniya, saboda haka za a zana ta da ɗan girma, ba tare da koren tsiro ko siffar nahiyoyin yau ba.

Kafin a taɓa fenti, yana da amfani a gina wurin a faranti, dabarar da Nasmyth ya yi da farar ƙasa. A zuba busasshen siminti ko tankaɗaɗɗiyar toka a babban tire, kaurin yatsu uku, a baje da katako. A ja magudana da bayan cokali, a fara da zurfi a ƙare da siriri, a kifa murfin kwano a gefe a lulluɓe shi ya zama tudu, sa'an nan a tsaya a jefa tsakuwa da ƙwayoyin dawa daga sama, a tsince su da hankali, a barbaɗa toka ta rariya har bakunan ramukan su yi laushi. A rufe ɗaki ya yi duhu, a ajiye tocila ɗaya tak nesa da tiren, kusan daidai da bakinsa, a sunkuya a kalla daga gefe. Matsar da tocilar kamu ɗaya sama ya isa ya nuna yadda inuwa mai tsini ke janyewa ta bar tudu mai laushi, kuma daga wannan kallon ake fitar da zanen farko da gawayi.

Sai kuma a gwada shi da watan kansa. Daren sha huɗu bai dace ba, domin rana na dukan fuskarsa kai tsaye, inuwa ta ɓace; a nemi layin da ya raba haske da duhu, inda rana ke fitowa a can. Tabarau mai hangen nesa na hannu, idan aka jingina shi a kan katanga don kada ya yi rawa, ya isa ya nuna tsaunukan Apennine da ke gefen Mare Imbrium a daren bakwai ko takwas ga watan Musulunci, tudun Aristarchus kuma a daren sha ɗaya ko sha biyu, ko da yake magudanan kansu sai da babban madubi. A yammacin Katsina sama ta fi tsabta a ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, bayan ruwa ya wanke ƙura kuma kafin hazon hunturu ya sauko, kuma a daren bakwai wata yana can sama ta kudu tun ana idar da sallar Magariba.